Bishiya Uku Masu Suna Ɗaya: Daga Katmandu Zuwa Kwarin Kali Gandaki

A kasuwar Asan, cikin tsohon birnin Katmandu na ƙasar Nepal, akwai shagunan da ba a sayar da komai sai saiwoyi da sassaƙe da busasshen ganye, buhu kan buhu har bakin ƙofa. Nan abokiyar tafiyata ta ja ta tsaya, ta zura hannu cikin wani buhu, ta ɗebo wasu siraran ganye masu tsini, ta tambayi mai shagon sunansu. Ya ce talispatra ne, na tari da sarƙewar numfashi. Ta murza ɗaya a yatsa, ta sunsuna, ta ɗaga shi wajen haske. Da muka ɗan yi gaba sai ta ce mini da wannan sunan ana sayar da ganyen bishiya fiye da ɗaya: wani buhun na Abies spectabilis ne, wani kuma na Taxus, wadda mutanen Nepal ke kira lauth salla. In ganyen yana nan ɗungurungum tana iya raba su da ido. In an daka shi ya zama gari, to ko ita ba ta da ta cewa.

Masaniyar tsirrai ce 'yar ƙasar, ta daɗe tana bin waɗannan duwatsu. Ɗalibanta Didi suke ce mata, wato yaya, ni ma na bi sahu. Ni kuwa aikina harhaɗa magunguna, kuma lauth salla ɗin nan ce ta kawo ni. Daga danginta aka samo maganin sankara da aka fi sani da Taxol, wanda ake yi wa masu sankarar mama da ta huhu da ta ƙwan mace ƙarin ruwa da shi. Na sha miƙa kwalbarsa, na sha ganin fuskokin masu jiran ta, amma ban taɓa ganin bishiyar a tsaye ba.

Tarihin maganin ya faro ne daga wata nahiya. A 1962 wani masanin tsirrai, Arthur Barclay, ya sassaƙo ɓawon Taxus brevifolia a wani daji na jihar Washinton ta Amurka, cikin shirin gwamnati na gwada tsirrai ko Allah zai sa a dace da maganin sankara. Monroe Wall da Mansukh Wani suka ciro sinadarin, suka bayyana sigarsa a 1971. A 1979 Susan Horwitz ta gano yadda yake aiki: yana sandarar da zaruruwan da ƙwayar jiki ke dogara da su wajen rabewa gida biyu, sai ƙwayar sankara ta kasa hayayyafa. Hukumar magunguna ta Amurka ta amince da shi a 1992. Sai dai sinadarin ɗan mitsitsi ne a cikin ɓawo, bishiyar kuma in an feɗe ta mutuwa take yi, ga ta da nawar girma. Da aka iya ciro wani sinadari daga ganye a ƙarasa haɗa maganin a masana'anta, dazukan Amurka suka samu sa'ida, amma idon 'yan kasuwa ya koma kan Himalaya da kudu maso yammacin Sin. Cikin shekarun 1990 an feɗe bishiyoyi masu yawan gaske a lardin Yunnan, a Indiya da Nepal kuma aka dinga datse rassa ana loda ganye a mota. A 1995 aka sa Taxus wallichiana a jeri na biyu na yarjejeniyar CITES, mai sa ido kan cinikin tsirrai da dabbobin da ake tsoron ƙarewarsu.

Kafin mu kama hanyar duwatsu Didi ta kai ni Godawari, kudu maso gabashin kwarin Katmandu, a gindin dutsen Phulchoki, inda lambun tsirrai na ƙasa da ma'ajiyar busassun tsirrai suke. Kabad-kabad ne jere cikin ɗaki mai sanyi da warin tsohuwar takarda. Kowane reshe an danne shi, an busar, an manna a faffaɗar takarda, a kusurwar ƙasa an rubuta inda aka tsinko shi, da tsayin wurin, da ranar, da sunan mai tsinkowa. Abin da ya tsayar da ni shi ne 'yan takardun da ake liƙawa kusa da tsohon suna. A wata an fara rubuta Taxus baccata, wato sunan ta Turai. Wani ya zo daga baya ya liƙa wallichiana. Wani ya sake zuwa ya liƙa contorta.

Babu wanda ya yi sakaci a cikinsu. Bishiyoyin ne Allah Ya yi su da kama da juna ƙwarai: ba su da fure mai launi da za a kama, ganyensu kuma yana sauya siffa gwargwadon inuwa da shekaru, har reshen sama ya bambanta da na ƙasa a jikin bishiya guda. Tun zamanin Nathaniel Wallich, ɗan Denmak da ya shugabanci lambun tsirrai na Kalkata kuma ya zauna a kwarin Katmandu a 1820 zuwa 1821, har ƙarshen ƙarnin da ya wuce, mafi yawan littattafai abu ɗaya suke ɗaukar duk lauth salla ta Himalaya. Da sunansa aka raɗa wa wallichiana a 1843. Amma kama da wane ba wane ba ne. Masu bincike na Cibiyar Nazarin Tsirrai ta Kunming da na lambun tsirrai na Edinbura, tare da 'yan Nepal, sun haɗa awon ganye da yanayin wuri da gwajin ƙwayoyin gado na DNA, suka nuna a 2012 cewa jinsi uku ne a wannan yanki. Taxus contorta tana yamma, daga Afganistan zuwa tsakiyar Nepal, inda damina ba ta da ƙarfi kuma hunturu ke kawo dusar ƙanƙara. Taxus wallichiana tana gabas, daga tsakiyar Nepal zuwa Yunnan, inda ruwa ke zuba kamar ba gobe. Taxus mairei kuwa ƙasa-ƙasa take zama, a warwatse, a Nepal a gundumomi irin Kavre da Makwanpur da Sindhuli. Biyun farko a tsakiyar Nepal suke kusantar juna, can muka dosa.

Daga Katmandu zuwa Pokhara wajen kilomita 200 ne, hanya na bin gaɓar kogin Trishuli, manyan motoci na nishi a kwana-kwana. A Nayapul muka sauka muka kama ƙafa. Matakalar dutse ta Ulleri dubbai ce, tana miƙewa sama ba hutu, alfadarai ɗauke da tukwanen gas da buhunan shinkafa suna wuce mu da ƙararrawa a wuya. Bayan ƙauyen gonakin tudu suka ƙare, daji ya rufe. Itatuwan lali gurans ne, masu furen da Nepal ta ɗauka na ƙasa, gansakuka ta lulluɓe su daga gindi har rassa, ruwa na ɗiga ko ba a yin sama. Damina ba ta daɗe da ɗaukewa ba.

Dab da Ghorepani, sama da mita 2,800, ɗalibin da ke ɗauke da jakar kayan aiki ya hango ta.

"Didi, ga ta can, ƙarƙashin waccan babbar."

Da ni kaɗai ne da na wuce ta. Ba doguwa ba ce, a inuwar manya take zaune, korenta ya yi duhu, rassanta sun baje a kwance. Ɓawon ja-ja ne, siriri, yana ɓarewa falle-falle. Mace ce, don ga 'ya'ya jajaye jur a ƙasan rassa, kowanne da buɗaɗɗen baki, ƙwallo ɗaya na leƙowa daga ciki. Wannan jan naman shi kaɗai ne ba guba a jikinta. Ganye da ɓawo da ƙwallon duk suna kisa. Tsuntsaye ke haɗiye 'ya'yan su kai irin nesa. A wannan dangi namiji daban yake, mace daban, iska ce ke ɗaukar ƙurar namiji ta kai wa mace, irin kuma yakan kwanta a ƙasa shekara ɗaya zuwa biyu kafin ya tsiro. Ke nan in aka sare daji aka bar ɗaya nan ɗaya can, waɗanda suka rage suna nan a tsaye amma zuriya ta yanke. Na zagaya bayanta na ga tabon: an taɓa yanke mata ɓawo tsawon kamu biyu, gefen raunin ya kumbura yana neman rufewa, tsakiyar itacen ya yi toka-toka. Na ɗora tafin hannuna a wurin na daɗe ban ɗauke ba.

Didi ta tsinko ganye ɗaya, ta kifa shi, ta miƙo mini gilashin ƙara girma. Ganyen a lanƙwashe yake kamar lauje. A bayansa akwai layi biyu masu hasken rawaya, jijiyar da ke tsakaninsu kuma ba ta sheƙi, wasu 'yan ƙuraje ƙanana sun rufe ta. Ta ce da jijiyar nan sumul take tana sheƙi, da mairei za ta zata. Da ganyen a miƙe yake sambal, da contorta. Zatonta wallichiana ce. Duk da haka Taxus kawai ta rubuta a littafinta, sai lamba. Wannan kamun kai ya burge ni fiye da duk abin da na gani a tafiyar: ga ido da ya ƙware, ga zato mai ƙarfi, amma ba ta yarda zato ya shiga takarda da rigar tabbas ba.

Ɗaukar samfurin kansa ba wani tashin hankali ba ne. Da takardar izinin hukuma a aljihu, tunda wurin yana cikin gandun kariya na Annapurna mai faɗin murabba'in kilomita 7,629, ɗalibin ya goge almakashi da sifirit, ya yanko sababbin ganye 'yan kaɗan, ya zuba a ƙaramin ambulan, ya tura shi cikin leda mai ƙwayoyin silika masu tsotse danshi. Dole ganyen ya bushe da wuri, in ba haka ba ya yi fumfuna, DNA ɗinsa ya ragargaje. Ya karanta wurin a na'urar GPS. Sannan aka yanki reshe ɗaya aka danne tsakanin tsofaffin jaridu, da lamba iri ɗaya da ta ledar. Wannan reshen shi ne shaida. Duk wanda ya yi shakkar sakamako nan da shekara hamsin zai iya buɗe kabad ya duba da idonsa. Kafin a taɓa bishiya ta gaba sai an sake goge almakashin.

Daga Ghorepani gangara ce mai karya gwiwa har Tatopani, inda ruwan zafi ke ɓulɓulowa a bakin kogin Kali Gandaki. Nan muka shiga jif muka yi arewa. Kogin ya tsaga tsakanin Dhaulagiri mai mita 8,167 da Annapurna mai mita 8,091, hanya na manne da bangon dutse, ruwan Rupse na zubowa daga sama har feshinsa na taɓa gilashin mota. Abin da ya kamata matafiyi ya lura da shi a nan shi ne yadda daji ke sauya kaya cikin ɗan lokaci. A ƙasa ayaba da lemo. Bayan Ghasa gansakuka ta fara ja da baya, iska ta bushe, leɓe ya fara tsagewa, dogayen itatuwan fayin suka karɓe gangara. Duwatsun nan biyu su ke tare gajimaren damina. Abin da ya tsallake su kaɗan ne, shi ya sa can gaba wajen Jomsom ƙasa ta koma fako.

A Lete wani dattijo mai kiwon alfadarai ya yarda ya nuna mana inda bishiyoyin suke. Baje suke ce masa, kaka ke nan. Yana gaba da sanda muna binsa, bai ko haki.

"Baje, da can suna da yawa?" in ji Didi.

Ya ce manyan an sare su tun yana yaro, don itacen ja ne mai ƙwari, ba ya ruɓewa, da shi ake dogarin ƙofa. Ya ce shi dai ba ya barin dabbarsa ta kai baki wurin. Ya tsaya gaban wata da ta fito daga tsagar dutse, ya ƙwanƙwasa gindinta da sandar, ya ce wannan a haka ya same ta.

A idona ita ce dai wadda na gani a Ghorepani. Da gilashi ya hau ido sai bambanci ya fito: ganyen ya fi siranta, a miƙe yake, babu lanƙwasa. Tsakanin wuraren biyu, in a miƙe ne ta sama, bai kai kilomita 40 ba. Didi ta sake rubuta Taxus da lamba.

Da dare a masauki, an sa garwashi ƙarƙashin tebur an rufa bargo ya sauko kan gwiwoyinmu, muna cin dal bhat, wato shinkafa da miyar wake, na tambaye ta abin da na tabbata mutane da yawa za su tambaya. Tunda duk ukun suna da sinadarin, duk ukun kuma gatari na cin su, me zai hana a kare su a dunƙule a huta da rabe-rabe?

Amsarta ta fara da ƙidaya. In ka ɗauka jinsi ɗaya ne daga Afganistan har Biyetnam, sai ka ga yana da faɗi, hankalinka ya kwanta. In ya ƙare a wannan kwari sai a ce ai akwai shi a wancan. Da aka raba su sai kowanne ya fito da ainihin halinsa. A 2011 ƙungiyar kare halittu ta duniya, IUCN, ta ɗaga contorta zuwa sahun waɗanda ke cikin haɗarin ƙarewa, inda wallichiana ma take. A Nepal kuma mairei ce ta fi ƙaranci a daji, alhali shekara da shekaru tana ɓoye cikin lissafin 'yar'uwarta, ba wanda ya ƙirga ta da sunanta. Abin da ba a ƙirga ba, ba a yi masa kasafi, ba a tura masa mai gadi.

Sai doka. A 1997 an raɗa wa wata lauth salla ta Tibet suna Taxus fuana, da wannan sunan kuma ta shiga jerin CITES a 2005. Bincike ya nuna ita ce contorta, wadda ke da sunanta tun ƙarni na 19. Nepal ta hana fitar da ɗanyen ganyen waje sai an sarrafa shi. To jami'in kwastam suna yake karantawa a takarda, abin da ke gabansa kuwa buhun dakakken ganye ne. In ba shi da hanyar haɗa sunan da buhun, dokar ta tsaya a takarda.

Na ukun shi ya fi taɓa ni, don kuskure ne da mai kyakkyawar niyya ke iya yi. Manoma a tsaunukan tsakiyar ƙasar suna dasa bishiyar don su sayar da ganye, kuma wannan abin so ne, yana rage wa daji nauyi. Da reshe ake dasawa, tunda iri na da jinkiri. Amma in aka kwashi dashen mai son ɗumi aka kai inda ƙanƙara ke kwana, wahalar manomi ta tashi a banza. In kuma ya rayu kusa da na daji, iska ba ta tambayar jinsi. Dangin nan suna barbarar juna: Taxus media da ake shukawa a lambunan Turai da Amurka haɗin baccata ce da cuspidata ta Japan. Haka nan in duk rassan daga bishiya ɗaya aka yanko, gonar gaba ɗaya bishiya ɗaya ce a wajen gado, in kuma namiji ne, har abada ba za a ga ɗa ba.

Da muka koma Katmandu na zauna a ɗakin gwaje-gwaje na ga yadda ake sa ganye magana. An zuba busasshen ganyen a ɗan turmin tangaran, aka kwara masa ruwan naitirojin mai tsananin sanyi, hayaƙi fari ya malalo kan tebur, ganyen ya yi ƙaras, taɓarya ta mayar da shi gari. Aka jiƙa garin da wani ruwan sabulu da ake kira CTAB a ɗumi, aka wanke, aka juya a na'ura, har wani ɗan farin abu ya kwanta a gindin bututu, da ƙyar ido ke ganinsa. Shi ne DNA ɗin. Ba duka ake karantawa ba. Gajeren yanki ake zaɓa, na'urar PCR ta yi ta zafi da sanyi tana kwafarsa har ya kai miliyoyi, sannan a karanta jerin haruffansa huɗu, A da C da G da T, a jera su a kwamfuta kusa da na bishiyoyin da aka riga aka tabbatar. Inda wannan ke da T wancan ke da C, a wuri kaza da wuri kaza, nan jinsi ke rabuwa da jinsi.

Paul Hebert na Jami'ar Guelph a Kanada shi ya kawo shawarar a 2003 cewa gajeren yanki ɗaya ya zama lambar shaidar kowace halitta. A dabbobi abin ya zo da sauƙi. Tsirrai suka yi gardama. A 2009 masana suka tsayar da yankuna biyu, rbcL da matK, amma a dangi irin Taxus da ke kusa da juna sosai waɗannan ba su cika rabewa ba. Aikin da masu binciken Kunming da Edinbura suka fitar a 2011 ya nuna wasu biyu, ITS da trnL-F, su suka fi iyawa, har suka tono jinsunan da ba a taɓa raɗa wa suna ba. Ɗaya daga ciki, Taxus calcicola, ta samu nata a 2013. Akwai hikima a haɗa biyun. ITS daga cibiyar ƙwaya yake, uwa da uba duk suna da hannu a ciki. Shi kuwa trnL-F daga koren sashen da ganye ke haɗa abincinsa yake, wanda a wannan dangi ta wajen uba kaɗai ake gadonsa, ta ƙurar da iska ta kawo. In biyun suka ba da amsa ɗaya, magana ta ƙare. In suka saɓa, akwai alamar barbara, har ma a san wane ne uban.

Ban fito daga ɗakin ina ganin na'ura ta gama komai ba. Garin ganye da sassaƙe suna ba da amsa, amma tataccen sinadarin da ya sha wuta da ruwan magani ya riga ya rabu da DNA ɗinsa, sai a koma awon sinadarai. Kwamfuta kuma ba ta san sunan kowa ba. Abin da aka ajiye mata take kwatantawa da shi. In wanda ya fara ajiyewa ya sa suna ba daidai ba, duk mai zuwa bayansa zai gaji kuskuren. Saboda haka ƙarfin gwajin yana komawa kan waɗancan kabad-kabad na Godawari, da ƙafar ɗalibin da ya hau Ulleri da jaka a baya, da dattijon da ya san tsagar dutsen da bishiya take. Ina ganin duk mai ba da kuɗin irin wannan aiki ya kamata ya san haka, don sayen na'ura ya fi ɗaukar ido a kan biyan kuɗin tafiya da silika da jaridun danne reshe, alhali in babu waɗannan na'urar zaman banza za ta yi.

Ina gida saƙon Didi ya iso. Ta Ghorepani wallichiana ce, ta Lete contorta, kuma a kowacce yankunan biyu sun yi daidai da juna. Ta ce ta rubuta wa masu renon dashe a saman kwarin Kali Gandaki cewa su yanki rassa daga bishiyoyin kwarinsu kawai, daga bishiyoyi da yawa, maza da mata, su kuma rubuta lambar uwar kowane dashe. Ledojin da aka tattaro daga gundumomin Humla da Mugu da Dolpa na yammacin Nepal suna nan a layi, ta ce sai bayan hunturu, in kuɗin sinadaran gwaji sun fito.